Daga Faris zuwa Garwa: Man Shafawa, Kitso da Kwalliya Yadda Na Same Su

Assalamu alaikum Adda, Goggo, da ƙannena na gidanmu a Yelwa, da duk 'yar Garwa da wannan rubutu zai iske. Ina fatan kun shiga hunturu lafiya.

Da ruwa zan fara, domin shi mace take fara karo da shi a ƙasar nan ta Faransa tun kafin ta san sunan wani man shafawa. Ruwan famfon Faris mai tsabta ne, ana shan sa, amma yana ɗauke da farar ƙasa mai yawa saboda irin duwatsun da yake ratsowa. Ki yi 'yan makonni kina dafa shayi a buta, sannan ki leƙa ciki, za ki tarar fari ya daskare a gindinta. Haka yake zama a kan fata da gashi. Sabulu ba ya kumfa yadda muka saba, kuma kina fitowa daga wanka za ki ji fata ta ɗaure tana ƙaiƙayi. Ga na'urar ɗumama ɗaki da ake kunnawa tun wajen Oktoba har Afrilu, tana shanye laimar iska. Hunturun Garwa yana busar da mutum, ban musa ba, amma na ɗan lokaci ne, kuma da rana ana gumi. A nan bushewar takan ci rabin shekara.

Sabulun salo da na taso da shi ya yi mini ƙarfi a nan. Tokar da ke cikinsa ta haɗu da wannan ruwa, sai fuska ta yi furu-furu, gefen hanci yana saɓa. Yanzu sai Yuli da Agusta nake fito da shi. Sauran watanni man wanka nake amfani da shi, wanda in ya taɓa ruwa yake komawa fari, ya wanke jiki bai tsotse maiƙonsa ba. Ku ba ku da buƙatarsa. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40 a Garwa, sabulun salo ya fi muku komai.

Inda Faransawa suka yi mana nisa shi ne farmasi. A nan ake sayen man shafawa mai kyau, a hannun wadda ta yi aƙalla shekara 6 tana karatun magani. Kina shiga za ki miƙa mata hannunki ko ki nuna mata kumatunki, ta duba, ta tambaye ki da me kike wanka, ko kina da ciki, ko kina shan wani magani. Ba ta karɓar ko sisi a kan shawarar, kuma sau da yawa mai araha take nuna miki. A wurin irinta na san Dexeryl, wani farin mai marar ƙamshi da aka haɗa da gilisarin da basilin da farafin. Kwalinsa ba shi da wani ado, amma shi ya kashe mini kaushin ƙafa da sanyi ya jawo. Lipikar na kamfanin La Roche-Posay ya fi shi daɗin shafawa, ya kuma fi shi tsada, shi nake shafa wa yara idan gwiwarsu ta fara kirci. Nivea mai shuɗin gwangwani da Vaseline kuwa, su ɗin nan ne da kuke saye a babbar kasuwa, kuma Faransawa ma suna shafa su. Ganin likitan fata shi ne mai wuya, sai mutum ya jira watanni kafin a ba shi rana.

Abin da na fi ƙauna a kayan nan shi ne rubutun da ke bayan kwalba. Doka ta tilasta wa kowane kamfani ya jera duk abin da ya zuba, daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, ya sa sunansa da adireshinsa. Akwai kuma hoton ɗan gwangwani buɗaɗɗe da aka rubuta 6M ko 12M a jikinsa, wato watannin da man zai yi yana da kyau bayan an buɗe. Ƙannena da kuke karanta Faransanci, ku riƙa juya kwalba kafin ku biya kuɗi, ko a Garwa ne. Wadda ba a rubuta abin da ke cikinta ba, ku ajiye wa mai ita. Da wannan karatun na gane cewa kwalabe da yawa masu ƙaton hoton kaɗanya a gaba, in kin duba baya, ruwa ne a farko, man kaɗanyar da suke rubutawa Butyrospermum parkii yana can kusa da ƙarshe.

Man kaɗanyarmu kuwa, wallahi ban ga abin da ya kai shi ba. Na nan yawanci an tace shi ya zama fari fat, babu wari, yana da sauƙin shafawa, amma a jikina bai kai ɗanyen daɗewa ba. Kamfanin L'Occitane daga hannun matan Burkina Faso yake sayen nasa, kuma man hannunsa da ke da kashi 20 cikin 100 na kaɗanya yana da kyau ƙwarai, na shafa na ji daɗinsa. Sai dai kuɗin bututu ɗaya zai cika miki roba da ɗanye a kasuwar Garwa. Ku tuna Yuro ɗaya sefa 656 ne, ku riƙa yin lissafin da kanku. Da sanyi ɗanyen yana daskarewa, sai na gutsura na murza a tafin hannu ya narke, na shafa tun jiki yana da danshin wanka. Mai ba ya ƙara wa fata ruwa, riƙe wanda ya tarar yake yi, shi ya sa wadda ta goge jiki ƙarau sannan ta shafa take ganin bai yi mata aiki ba.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, kuma Adda ki yi haƙuri zan faɗe ta a gaban kowa. Ƙannenmu da ƙawayensu suna tsammanin akwai wani man Turai da ke sa mace fari ba tare da illa ba. Babu shi. Sinadarin haidirokinon da ke cikin mayukan bilicin, Tarayyar Turai ta hana sa shi a man shafawa tun 2001. A Kamaru ma, cikin Agustan 2022, ministan lafiya Manaouda Malachie ya haramta shigo da kayan shafa masu shi da masu makuri, wato zaiba, da haɗa su da sayar da su. Wasu bututun kuma asalinsu maganin ciwon fata ne mai ƙarfi, irin su kulobetasol, wanda likita ke rubutawa na 'yan kwanaki, mata suka mayar da shi man kullum. Shi ke sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito kore, nankarwa ta yi faɗi a cinya da damtse, ƙuraje su feso, rauni ya ƙi warkewa. Yana iya ratsa fata ya taɓa sukari da hawan jini. Makuri kuma ƙoda yake lalatawa, yana kai wa ga jaririn da ke ciki.

Kada ku ɗauka a nan an tsira. A unguwar Château Rouge, inda muke zuwa sayen kuka da kuɓewa da busasshen kifi, akwai masu sayar da irin waɗannan a ɓoye, kuma na ga matan da suka zo da fuska fara, gaɓoɓin yatsu baƙi, ƙasan ido ya ƙone. Raina yana ɓaci idan na gan su, domin na san da yawa gori ne ya kai su, na miji ko na dangin miji ko na ƙawaye. Goggo, ke da ake jin maganarki a gidajen biki, don Allah ki riƙa yaba baƙar yarinya a gaban mutane. Wadda ta riga ta daɗe tana shafawa kuma, kada ta yanke dare ɗaya, ta je asibiti a nuna mata yadda za ta rage a hankali.

Wadda tabon ƙuraje ne ya dame ta, man kare rana ya fi mata amfani. Rana ce ke ƙara wa tabo duhu. Wasu mayukan kare rana suna barin fari-fari a baƙar fata, amma akwai mai ruwa-ruwa na Anthelios mai lambar ƙarfin kariya 50 da ke shigewa bai nuna ba. Na daɗe ina shafa shi kowace safiya, kuma tabbunan goshina sun dushe, sannu a hankali dai.

Gashi shi ya fi shan wahala a tafiyar nan. Ruwan yana sa shi ƙarfi, sanyi yana karya shi, hular ulu da ɗankwali suna goge gaban goshi. Na rage wanki da shamfu, na ƙara da man laushi da ake bari a kai na ɗan lokaci kafin a ɗauraye, kuma a nan irinsa sun fi na gida yawa da inganci. Ina sa hular siliki a ƙarƙashin ɗankwali. Man miƙar da gashi na bar shi, musamman bayan wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2022 ya nuna masu yawan amfani da shi sun fi fuskantar haɗarin kansar mahaifa.

Za ku yi mamakin irin darajar da shebe, garin gyaran gashi na Chadi, ya samu. Sheben da muke samu ta Kusseri daga Njamena a ƙulle cikin leda, a nan yana cikin kwalba mai kyau, 'yan Afirka da 'yan tsibiran Karibiyan suna rububinsa. Na gwada na kanti ɗaya, ƙamshi ne kawai da launi, bai kama ƙafar wanda matan Chadi ke soyawa su daka da kanumfari ba. Ra'ayina bayan daɗewa ina amfani da na ainihin: shebe ba ya tsiro da gashi. Hana shi karyewa yake yi, sai tsawon da Allah ya ba ki ya tsaya a kanki. A jikin gashin ake shafa shi da man gashi na karkar, a kitse, ba a kai shi fatar kai, in ba haka ba ƙaiƙayi da amosani su biyo baya. Matsalarsa a nan ita ce yana ɓata matashin kai da wuyan riga, ga mai fita aiki da safe sai a ƙarshen mako.

Kitso kam, ku gode wa Allah. A gida mai kitso za ta zo har tsakar gida, ki zauna a tabarma ana hira, ta yarfa miki shuku ko zane, ki ba ta abin da ya sawwaƙa. A nan yawancin shagunan gyaran gashi na unguwa ba su san yadda ake taɓa gashinmu ba. Sai an je unguwar Château d'Eau, inda shagunan 'yan Afirka suka jeru, kuma kitso mai ɗan kyau yakan kai Yuro 50 ko fiye, sama da sefa 32,000 ke nan. Ga maza suna shiga suna fita, ga gilashi kowa na titi yana kallo, mai rufe kai ba ta da sukuni. Shi ya sa muke yi wa juna a gida. Duk yarinyar da ke shirin fitowa waje, ta zauna ta koyi kitso da ƙunshi tun tana Garwa, za su rufa mata asiri.

A kayan kwalliyar fuska sun ci gaba sosai. Tun da Rihanna ta fito da Fenty Beauty a 2017 da fandeshan kala 40, sauran kamfanoni suka bi sahu, yanzu baƙar mace tana samun daidai fatarta. A kantin Sephora ana gwada miki a gefen muƙamuƙi kafin ki saya, wani lokaci a ba ki ɗan kaɗan ki je gida ki gani da hasken rana. Amma fandeshan mai maiƙo da ke zama daram a sanyin Faris ba zai jure zafin Garwa ba, jan baki ma narkewa yake yi a jaka. Hoda marar nauyi da jagira mai kyau sun ishe ku. Abin da nake so kowaccenku ta samu shi ne ruwan goge kwalliya na Bioderma: a ɗiga a auduga, a share fuska, komai ya fita kafin alwala, ido bai yi zafi ba.

Kwallin dutse da muke daka wa jarirai, Goggo, mu bar shi. Yawancinsa dalma ce, kuma dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ba ta da wani ƙaramin adadi da za a ce ba ya cutarwa. A nan an hana ta a kayan kwalliya, akwai fensirin ido mai baƙi sosai da ba shi da ita. Haka ma baƙin lalle da ake zuba wa sinadarin rinin gashi don ya kama da wuri, shi ke sa hannun wasu amare ya kumbura ya yi ƙuraje masu ruwa. Jan lallenmu na ganye lafiya lau ne, kuma na kantunan Indiyawa da Larabawa a nan bai kai namu kamawa ba. Dilka da halawa ma ba a samun mai yi sai an yi cigiya a cikin 'yan Chadi da Sudan.

Turaren wuta sai da dabara, domin tun 2015 doka ta sa kowane gida a Faransa ya kasance da na'urar da ke ƙara idan ta ji hayaƙi. Kaskon lantarki nake amfani da shi, in buɗe taga, in rufe ƙofar ɗaki. Humra ce ta fi mini sauƙi, kuma maƙwabtana Faransawa sun sha tsayar da ni a matakala suna tambayar inda ake sayar da ita.

Idan an samu mai tahowa, Adda, a haɗo mini man kaɗanya na bana a roba mai murfi, da garin lalle, da shebe daga hannun wadda kika amince da ita, da humra. A sa su a babbar jaka, domin ta hannu ba a barin ruwa ko mai da ya wuce mililita 100. Man shanu da kilishi kada a saka, an hana shigo da nama da kayan madara daga wajen Turai, ƙwacewa za a yi a filin jirgi. A gaida Inna da yara.