Kafin ka sayi sabon papiyon, dubi inda motarka ke shaƙar iska

Duk mai ɗaukar kaya tsakanin Damagaram da Tanut, ko mai bin kasuwannin Magarya da Dungas, ya san irin ƙurar da yake fyacewa daga hancinsa lokacin hunturu. Ita ce dai ke neman shiga injin motarsa. Injin esansi yana haɗa iska kashi 14.7 da mai kashi 1 in an auna da nauyi, wato abin da mota ta fi sha ba esansin matatar SORAZ ba ne, iskar hanya ce. Saboda haka wanda hanyar iskar motarsa ta lalace, abin da zai saya ya maye gurbinta shi zai nuna ko injin zai daɗe ko ba zai daɗe ba.

Tawa Hilux ce mai shan esansi, injin 2TR mai lita 2.7. Wani mai shagon kayan mota ya zuga ni na cire akwatin iskar da ta zo da shi, aka sa mini dogon bututu mai ƙyalli da jan filtir mai kamar hula a bakinsa. Ya ce za ta ƙara gudu, ta rage shan mai. Ƙara kam ta ƙaru, in na taka totur sai ta yi ruri. Amma gargadar hanya ba ta bar bututun ba, domin ba shi da wurin ɗauri na kirki, nauyinsa duka a kan roba guda yake. Robar ta tsage daga ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Daga nan mota ta fara rawa in tana tsaye, ralanti, wato juyin inji in ba a taka totur ba, ya hau ya sauka, tana mutuwa in na taka birki a mahaɗar hanya, fitilar injin ta kama a tablo. Aka ce papiyon ne, wato faifan da ke buɗe wa inji hanyar iska, na sayi sabo, ciwo bai tafi ba. Sai da na kai ta wurin wani dattijon makanike, ya kwance bututun, ya zura yatsa ciki ya fito da shi jawur da ƙasa. Ya ce: "Alhaji, an bar jaki ana dukan taiki. Wannan motar wata nawa tana cin ƙasa."

Ga yadda abin yake. Bayan filtir akwai ɗan ma'aunin iska, wanda makanikai ke kira debimetir. Cikinsa akwai wata siririyar waya mai zafi, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, da haka kwamfutar mota take sanin yawan man da za ta fesa. Gaba da shi ne papiyon yake, wato faifan da ke buɗewa da rufewa in ka taka totur. In roba ta tsage tsakanin su biyun, iska tana shiga ba a auna ta ba, mai ya yi kaɗan, kuma iskar ba tatacciya ba ce. Ƙurar ta haɗu da tururin man inji ta zama baƙin danƙo a gefen faifan, ya kasa komawa daidai wurinsa. In an jona na'urar bincike, lamba P0171 tana nufin iska ta rinjayi mai, P0101 kuma tana nuni ga ma'aunin iska. Babu ɗaya cikinsu da ke cewa papiyon ya mutu. Sai an ga irin su P2111, P2112 ko P2135, kuma an tabbatar wayoyi da fulogin lafiya suke, sannan a fara zancen saye.

To me za a saya? Ni dai amsata ɗaya ce: akwatin iska na asali, da bututunsa na asali, da filtir na takarda. Ko na hannu ne da aka ciro daga wata motar, ya fi sabon bututu mai ƙyalli. Akwatin yana jawo iska daga gefe, ba daga kan injin da ya ɗau zafi ba, kuma wanda ya san watan Afrilu da Mayu a Damagaram, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya san abin da ke ƙarƙashin kapo. Iska mai zafi ba ta da nauyi, ƙarfin da aka yi maka alkawari nan yake zubewa. Sannan faɗin bututun da debimetir ke zaune ciki, da shi aka tsara lissafin kwamfutar. Ka canza faɗin, ka canza lissafin, ko da babu tsaga ko ɗaya. Akwatin yana zaune kan robobi masu shanye girgiza, bututunsa yana da lanƙwasa mai bin motsin injin, kuma ramukan ƙananan tiyo duk suna inda ya kamata, ba sai an toshe wani da kusa da salatif ba. Takarda kuwa, in ta gaske ce, tana kama ƙura mai laushi irin ta hazo, wadda ita ce ke cinye segma, wato zobban fistin, a hankali har mota ta fara shan man inji. In za ka sayi na hannu, haska tocila ciki ka nemi tsaga, ka duba maƙallan murfin duka suna kamawa, ka lanƙwasa bututun ka ga ko robar ta bushe. Lambar akwatin a kayan Toyota tana farawa da 17700, ta filtir 17801, ta bututun 17881.

Filtir mai hula wanda ake shafa wa mai, na ƙasashen kwalta ne, man yana ɓata wayar ma'auni, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Na soso, a bar wa babur. Ɗaure tsagaggen bututu da robar tayar keke zai kai ka gida ne kawai.

Wanda na yarda a ƙara shi ne dogon hancin nan da ake ɗaurawa a gefen gilashi, musamman ga mai bin hanyar Agadas a bayan manyan motoci. Yana ɗauko iska daga sama, kuma in an sa masa kai mai juya iska yana zubar da yashi kafin ya kai filtir. Amma ƙari ne a kan akwatin asali, ba madadinsa ba, kuma na jabu rana tana fasa shi.

Jabu kuwa shi ne babban bala'in. Tun da hanyar Kwatano ta rufe a 2023, kaya suka yi tsada, kowa yana neman mai sauƙi, kuma masu cuta sun san haka. Kwali ba shaida ba ne. Ana buga kwali da ja da fari da lamba da komai, wani ma ya fi na gaske kyau. Fito da filtir ɗin ka riƙe a hannu. Na gaske ninkin takardarsa da yawa ne, a jere daidai, robar bakinsa tana da laushi, in ka danna ta dawo. Na jabu ninkinsa kaɗan ne, gam ya zubo ta gefe, robar tauri gare ta kamar takalmi, kuma in ka ɗaga shi wajen rana za ka ga ƙananan huji suna haske. Mafi muni shi ne wanda ya gaza da ɗan kaɗan: zai shiga akwati, murfi ya rufe, amma ƙura tana bi ta gefe ba ta taɓa takardar ba. Je da tsohon naka ka gwada su baki da baki. Wanda ya hana ka buɗe kwali, bar masa kayansa.

Papiyon ɗin da na saya ma haka ya zama. An wanke tsoho ne, aka fesa masa fenti, aka sa a leda. Abin da ya kamata in duba shi ne kawunan kusoshin murfin baƙar robar da ke gefe, ko an taɓa kwance su, da fulogin mai ƙafa 6 ko ya yi tsatsa, da faifan ko yana da lilo in an taɓa shi. Lambarsa tana farawa da 22030, ta debimetir 22204, kuma ragowar lambobin sai sun dace da lambar shasin da ke kan takardar motarka, domin kamanni ba ya isa. Debimetir na jabu ya fi kowa wahalar da mutum, don yana aiki, sai dai ƙarya yake faɗa wa kwamfuta, mota ta yi ta shan mai ana canza buji a banza. Tsohonka na asali da aka wanke ya fi shi. Haka in an ce maka kayan Dubai ne ko na Kofar Ruwa ta Kano, wannan sunan hanya ne kawai, a ko'ina akwai na kirki akwai na banza. Ka yi sharaɗi da mai shago tun kafin ka biya: in an ɗaura bai yi ba, zai karɓi abinsa.

Nawa papiyon na farko, wanda na kusa jefarwa, shi ne a motar har yau. Dattijon ya cire kan batir, ya kwance shi, ya goge danƙon da tsumma da maganin wankin kaburata, bai bar ruwan ya gangara wajen ɗan injin lantarkin da ke juya faifan ba, bai kuma banƙare faifan da ƙarfi ba. Debimetir kuwa ya fesa masa nasa maganin daga nesa, ya hana yaronsa kusantarsa da esansi ko iskar kwampireso. Bayan an ɗaura, ralanti ya ɗan hau, sai da aka yi ƴar tafiya kwamfuta ta saba ya zauna. Masu motar gazuwal mai turbo su ma su kula, don a wurinsu fukafukan turbo ne ƙurar take fara ci.

Yanzu duk dawowa daga Tanut nakan buɗe akwatin, in karkaɗe filtir a hankali, in shafa farin ƙyalle cikin bututun da ke bayansa. In ƙyallen ya fito da ja ko kaɗan, motar ba ta sake fita sai an gano ta inda ƙasar ta bi.