Gam ɗin efoksi da zafin Kano: ra'ayina bayan na gyara ɗan jirgin ruwana da shi

Masu tambayata ko efoksin nan, wato gam ɗin da ake haɗa ruwa iri biyu ya daskare, ya ci kuɗinsa, amsar ita ce e, ya ci, amma ba a kowane aiki ba, kuma ba a kowace sa'a ta yini ba. Takardar da ke cikin kwalinsa an rubuta ta ne don masu aiki a gareji mai sanyi a Turai ko Amurka. Wanda ya bi ta ido rufe a Kano cikin watan Afrilu, rabin kuɗinsa a cikin gwangwani zai daskare. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don kada a ce talla na karɓa.

Jirgin da nake magana ƙarami ne, irin wanda ake kira Mirror, iska ce ke tura shi ba inji ba. Turawan Ingila biyu ne suka zana shi a 1962, Jack Holt da Barry Bucknell, jaridar Daily Mirror ta tsaya masa, shi ya sa ya ci sunanta, kuma ƙyallen da ke kama masa iska ja ne. Tsawonsa mita 3.3, nauyin gangar jikinsa bai kai kilo 50 ba, goshinsa a datse yake babu tsini. Na same shi a bayan wata masana'anta a Bompai, wani Bature da ya yi aiki a can ya tafi ya bar shi a kife kan 'yar tirelarsa mai ƙafa biyu, shekara da shekaru rana na dukansa. Yadda aka ƙera shi ne ya kawo maganar gam. Fallayen filawud ne sirara ake ɗinke bakinsu da wayar jan ƙarfe, sannan a bi ɗinkin da tef na zaren gilas, a jiƙa shi da razin, wato ruwan gam mai daskarewa. Wato duk ƙarfin jirgin yana wurin gam. A nawa kuwa tsohon tef ɗin ya riga ya saki katako, kana sa farce ka ɗago bakinsa sai ya biyo ka tun daga goshi har tsakiya.

Duk fanel bitan da na nuna wa hoton abu ɗaya ya ce: a kawo shi a zuba masa faiba, kafin la'asar an gama. Ba ƙarya suke yi ba, faibar da suke ɗinke bamba da ita tana da araha, ana samunta a gari, kuma a kan abin da da ma faiba ne tana aiki. Matsalarta katako. Razin ɗinta yana tsukewa in zai bushe, kuma ba ya kama itace kamun kirki. Katako kuwa a Kano ba ya zama wuri ɗaya: da damina ya sha danshi ya kumbura, da hunturu ya bushe ƙayau ya motse. Abin da ya ɓamɓare tsohon tef ɗin ke nan, ban ga dalilin da zan mayar da irinsa ba.

Kayan sun iso ni ta Legas, gwangwani biyu, babba na razin da ƙarami na hadina (ruwan da ke sa razin ya daskare), da naɗin tef, da 'yan famfuna biyu na aune. Kuɗinsu ya ninka na faiba nesa ba kusa ba, ga kuɗin kawowa. Nawa ana haɗa shi kashi 5 na razin da kashi 1 na hadina. Akwai masu 2 da 1, akwai masu 3 da 1, kowa ya duba jikin gwangwaninsa. Abin da ya fara burge ni shi ne rashin wari. Wanda ya taɓa tsayawa a garejin da ake zuba faiba ya san yadda take hawa kai. Wannan a tsakar gida muka yi aikinsa, maiɗakina ba ta ce komai ba, ita da ko fentin ƙofa aka yi sai ta kwashe yara sun koma ɗaki.

Kafintan da ya taya ni dattijo ne, ya jima yana aiki da faiba da fila, hannunsa ya faɗa. A nan muka fara saɓani. Ya ga ina auna hadina da sirinji ɗigo-ɗigo, sai ya ce, "Alhaji, ƙara masa mana ya yi saurin kamawa, wannan ai sai gobe." Na ce, "Baba, wannan ba irin waccan ba ce." A faiba hadina tayar da aikin kawai take yi, in ka ƙara ta sai ya yi sauri. A efoksi kuwa ita kanta rabin ginin ce, kowane ɓangare sai ya sami abokin haɗinsa daidai, abin da ya yi rara haka zai zauna a ciki bai kama komai ba. Bai yarda ba, ya ɗebi kaɗan a murfin kwalba ya yi nasa haɗin da ido. Washegari nawa ya zama dutse, nasa kana danna shi da yatsa yana loɓawa, kuma haka ya ci gaba da zama har muka jefar. Ya juya murfin nan a hannu ya daɗe, sannan ya ce, "To, Allah ya ba mu ilimi mai amfani." Daga ranar shi da kansa yake karɓar sirinjin.

Sai maganar zafi, wadda ita ce ainihin abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Mintocin aiki kafin haɗin ya daskare da ake rubutawa a jikin gwangwani an auna su ne a yanayi mai digiri 20 da 'yan kai. Ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin aikin da kusan rabi. To a lissafa da ranar Kano ta bazara da ke taɓa digiri 40. Ga shi kuma efoksi yana haifar da zafin kansa in ya fara kamawa, in yana tare a wuri mai zurfi zafin ba ya samun hanyar fita, sai ya ƙara ingiza kansa. Mun gwada da ragowar haɗi a gwangwanin madara da azahar: kafin mu gama goge hannu gwangwanin ya fi ƙarfin riƙewa, ya fara hayaƙi, buroshin da ke ciki ya tsaya cak. Irin wannan haɗin kuma, da muka baje shi a faffaɗan faranti da sassafe, sai da muka gama layin ɗinki guda cikin natsuwa.

Don haka tsarin da ya yi mana aiki shi ne: hunturu, bayan sallar asuba, haɗi kaɗan-kaɗan, a faranti ba a kofi ba, gwangwanayen kuma su kwana a ɗaki mai sanyi. Hunturu yana da wata fa'ida, katako ya bushe sarai, efoksi kuwa ba ya shiri da jiƙaƙƙen itace. Amma akwai wani ƙulli da sai da na yi ta bincike na gane shi. In za ka shafa shafin farko a kan tsiraran katako, safiya ba ta yi. Rana na ɗagawa katakon yana ɗumama, iskar da ke cikin ƙofofinsa tana fitowa, sai ka ga shafin ya cika da ƙananan ƙuraje. Wannan shafin da yamma ake yinsa, lokacin da katako ya fara hucewa, yana zuƙar gam ɗin ciki maimakon ya huro shi waje. Ita kuma yamma tana da nata: ƙurar hunturu da ƙwarin da ke bin fitila. Tsohon gidan sauro muka rataya a kan jirgin, ya tare ƙwari, ƙura kuwa sai samfefa.

Wurin cike kusurwa ban sayi garin da kamfanin ke sayarwa daban ba. Garin katako mai laushi na samo a 'Yan Katako ta Na'ibawa, na tankaɗe shi da rariya, muka riƙa zubawa a haɗin har ya yi kaurin markaɗen gyaɗa kafin a matse mai, sannan a ja shi da bayan cokali. Ya zauna daram, bai zubo ba.

Gwajin gaskiya a Tiga aka yi shi. Madatsar, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, tana kudu da Kano wajen kilomita 70, kuma ruwanta yana da faɗin da iska ke samun wurin tayar da igiya. Da rani ruwan yana ja da baya saboda ana sakinsa zuwa gonakin Kadawa, sai bakin gaɓa ya zama tsakuwa da taɓo. A kan tsakuwar nan ake jan jirgin a shiga, a ja shi a fito. Fenti ya kankare, ɗinki ko ɗaya bai buɗe ba. Wurin da na fi jin tsoro shi ne akwatin tsakiya, inda ake zura allon da ke hana jirgi zamewa gefe, domin duk ƙarfin iska a nan yake murɗawa. Wata rana allon ya daki wani abu a ƙarƙashin ruwa har na durƙusa, da muka fito na duba gindin akwatin da tocila, ko ɗigo babu. Wani dattijo masunci da ke gyaran komarsa ya zagaya jirgin yana ƙwanƙwasa shi, ya ce, "Ɗan nan, ina ƙusoshin?" Na ce babu, Baba. Ya girgiza kai ya ce shi dai ba zai sa jikokinsa a ciki ba.

Tun da maganar yara ta zo: jirgin yana da rufaffun akwatunan iska a jikinsa, waɗanda ke hana shi nutsewa ko ya kife. Na gwada su ta hanyar hura iska a ciki ina shafa ruwan sabulu a kan ɗinki, inda ya yi kumfa nan ne ƙofa. Duk da haka ba mai hawa ba rigar kariya. Mutanen Kano ba su manta da kwale-kwalen da ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, wanda yawancin waɗanda suka rasu a ciki ɗaliban Islamiyya ne. Allah ya jiƙansu.

Aibinsa fa? Rana ce abokiyar gabarsa. Guntun da na bari ba fenti a bayan jirgin ya koma ruwan ɗorawa, ya fara gari-gari kafin damina ta faɗi. Dole a rufe shi da fenti, kuma fari, domin irin wannan efoksin yana fara laushi in zafin jikinsa ya haura wajen digiri 50 zuwa 60, baƙin fenti kuwa a ranar Kano ba wuya ya kai nan. Wani gyara da na yi cikin Agusta ya fito da wani maiƙo a sama bayan ya bushe, danshi ne ke kawo shi. Ruwa da soso ne maganinsa, in aka yi fenti a kai ba a wanke ba, fentin zai ɓare. Sannan fata: a sa safar hannu kullum, domin mai yawan taɓa shi yana iya wayar gari jikinsa ya daina ɗaukarsa, ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma in ya fara ba ya barin mutum. In ya taɓa hannu kada a wanke da tina yadda masu fenti suka saba, tana ƙara shigar da shi cikin fata ne. Ruwan khal da sabulu sun isa. Wurin goga da samfefa kuma a sa takunkumi.

Famfunan aune ba su yi mini amfani ba, domin matsa ɗaya tana fitar da abin da ya fi ƙarfin aikin minti kaɗan. Manyan sirinji biyu daga kemis, a yi wa kowanne alama kada su gauraya, sun fi su.

Mai kwale-kwalen faiba da ya tsage, ko mai tankin ruwa, ya je wurin fanel bita ya huta, kada ya ɓata kuɗinsa a nan. Mai jirgin katako kuwa, ko wanda zai liƙa katako da faiba, wannan ne. In za ka yi oda, ka ce a sa maka hadina mafi jinkirin kamawa da suke da ita, wadda suka yi don ƙasashe masu zafi, kuma ka lissafa yadda kayan za su iso ka a Nuwamba.