Kafin ka sayi babbar a-kori-kura mai shan dizal a Amurka: dokar gwajin hayaƙi da abin da za ta ci maka

Gidaje uku ne suka mamaye kasuwar manyan a-kori-kura masu shan dizal a Amurka. Akwai Ford F-250 da F-350 masu injin Power Stroke, akwai Ram 2500 da 3500 masu injin Cummins, sannan akwai Chevrolet Silverado HD da 'yar'uwarta GMC Sierra HD masu injin Duramax. Masu saye sukan kwana suna gardama a kan injin da ya fi ƙarfin jan tirela, alhali abin da zai hana mutum sabunta takardun motarsa, ko ya raba shi da dubban daloli a gareji, yana maƙale ne a ƙarƙashin motar, tsakanin inji da bakin salansa. Kuɗin gwajin hayaƙi shi kansa galibi ba ya da yawa. Faɗuwa gwajin ce take da tsada, kuma abubuwa uku ne suke yanke hukuncin ko za a gwada motar da yadda za a gwada ta: nauyin da kamfani ya rubuta mata, da shekarar ƙirarta, da gundumar da aka yi mata rajista.

Nauyin da doka take dubawa shi ne iyakar abin da aka yarda motar ta kai idan an haɗa jikinta da mai da mutane da kaya. Ana rubuta shi da haruffan GVWR a wata takarda da ke manne a jikin ƙarfen ƙofar direba, kuma ita ce ya kamata mai saye ya fara karantawa tun kafin ya buɗe bonet. Daga laba 8,501 zuwa 10,000 aji ɗaya ne, kuma nan ne yawancin masu lamba 250 da 2500 suke. Daga 10,001 zuwa 14,000 wani ajin ne, na masu lamba 350 da 3500. Laba 14,000, wato kimanin kilo 6,350, ita ce iyakar da ta fi muhimmanci, domin mota da ta haura ta, jihohi da dama suna lissafa ta tare da manyan motocin kasuwanci. F-450 ta shekarun baya-bayan nan, wadda ta fito da akwatin bayanta daga kamfani, tana tsaye daidai a kan 14,000, amma F-550 da Ram 5500 sun tsallake.

Gwamnatin tarayya, ta hannun hukumar kare muhalli ta EPA, ita ce take gindaya wa kamfanoni sharaɗin ƙira, amma gwajin motar da ke kan hanya aikin jihohi ne, kuma sun sha bamban sosai. Kalifoniya ce ta fi tsanani. Tun daga 2010, duk motar dizal ƙirar 1998 zuwa sama wadda ba ta wuce laba 14,000 ba sai an gwada ta duk bayan shekara biyu a gundumomin da shirin ya shafa, kuma ba a ɗaga wa sabuwa ƙafa, alhali sabuwar motar fetur tana samun hutun shekara takwas. Mai gwaji zai duba da idonsa ko duk na'urorin hayaƙi suna nan, ya jona kwamfutarsa da ta motar, sannan ya taka totur ya ga ko hayaƙi zai fito. Kowace tasha tana yanka nata farashi, sai a ƙara dala 8.25 na takardar shaida. Idan za a sayar da mota, mai sayarwa ne doka ta ɗora wa kawo shaidar da ba ta wuce kwana 90 ba, saboda haka wanda ya ce maka ka karɓi motar ka je ka gwada da kanka daga baya, akwai abin da yake ɓoyewa. Wadda ta haura 14,000 kuwa tana shiga wani shiri dabam mai suna Clean Truck Check, wanda aka fara da kuɗin dala 30 a shekara, ana kuma gwada yawancin motocin sau biyu a shekara.

A Kolorado, a yankin Denver da gundumomin da ke kewaye, ana ɗora motar a kan na'ura mai birgima, a sa ta ja kamar tana hawan tudu, a auna duhun hayaƙinta. Sabuwa tana da hutun shekara huɗu, daga nan sai gwaji duk shekara biyu har ta kai shekara goma, bayan haka kuma duk shekara. Garejoji masu lasisi ne suke yin gwajin, kuma an ƙayyade kada kuɗin ya wuce ladan aikin awa ɗaya na garejin, wanda a yau ba ƙaramin kuɗi ba ne. A birnin Niyok da gundumomin Nassau, Suffolk, Rockland da Westchester, motar dizal da ta wuce laba 8,500 tana shan gwajin duhun hayaƙi duk shekara, kuma inji ƙirar 1991 zuwa sama ba a yarda duhunsa ya wuce kashi 40 cikin ɗari ba. Tekzas ba ta gwada hayaƙin dizal, Fulorida ta daina gwajin hayaƙi tun 2000, jihar Washington ta daina a farkon 2020. Wannan bambanci shi ne tarkon da baƙo yake faɗawa: ya ga mota mai araha a Tekzas, ya biya, ya tuƙo ta zuwa Kalifoniya, sai a wurin rajista ya tarar ba za ta taɓa cin gwaji ba, domin an cire mata kayan tace hayaƙi.

Dangane da shekarar ƙira, motocin sun kasu zamani uku, kuma a nan ne ainihin zaɓin yake.

Zamani na farko shi ne na kafin tsakiyar 2007: Power Stroke mai lita 7.3, Cummins mai lita 5.9, da Duramax LBZ na 2006 da 2007. Ba su da matatar da ke kama baƙin hayaƙi, ba sa buƙatar wani ruwa na musamman, kuma duk bakaniken da ya san dizal zai iya taɓa su. Shi ya sa farashinsu ya ƙi sauka duk da tsufansu. Sai dai mota mai kusan shekara ashirin ko fiye tana zuwa da tsatsa da gajiyayyar giya, kuma a jihohin da ake auna duhun hayaƙi, tsohon inji mai lalatattun nozul shi ne yake faɗuwa. Power Stroke mai lita 6.0 na 2003 zuwa 2007 yana cikin wannan zamani, amma ya yi ƙaurin suna wajen lalacewar na'urar sanyaya hayaƙin da ake mayarwa cikin inji, don haka kada a saye shi sai an ga takardun gyaran da aka yi masa.

Zamani na biyu ya fara ne da dokar 2007, wadda ta tilasta sanya matatar DPF, bayan an rage farar wutar da ke cikin dizal na kan hanya zuwa kashi 15 cikin miliyan a 2006. Matatar tana tara baƙin hayaƙi, sai inji ya riƙa ƙona shi lokaci-lokaci ta hanyar zafafa salansa zuwa wajen digiri 600. Power Stroke 6.4 na 2008 zuwa 2010, da Duramax LMM, da Cummins 6.7 na a-kori-kurar Ram har zuwa 2012 duk suna nan. A ganina wannan ne zamanin da ya fi dacewa a kauce wa. Kamfanonin suna koyon aikin ne a lokacin, injinan suna shan mai, kuma dizal ɗin da ake fesawa don ƙona matata yakan gangara ya gauraya da man juye.

Zamani na uku ya zo da tsaurara dokar NOx, wata gurɓatacciyar iska da inji yake fitarwa, a 2010. Ford da GM, mai Chevrolet da GMC, sun fara amfani da ruwan DEF daga ƙirar 2011, Ram kuma daga 2013. Ruwan, wanda Turai take kira AdBlue, yuriya ce kashi 32.5 cikin ɗari a cikin tataccen ruwa, ana fesa shi a cikin salansa don rage iskar NOx, kuma abin da mota take sha bai wuce kashi 2 zuwa 3 na dizal ɗin da ta ƙona ba. Kuɗinsa ba ya damun kowa. Abin da ke damun masu motar shi ne na'urorin da ke kewaye da shi, wato famfo da hita da masu auna iska, domin idan ɗaya ta lalace, ko tankin ya ƙare, kwamfuta tana rage wa motar gudu mataki-mataki har ta koma tafiyar hawainiya. Garantin da tarayya ta wajabta a kan kayan hayaƙin wannan aji shekara biyar ne ko mil 50,000, kuma yawancin na hannu sun wuce shi. Wanke matata ɗaruruwan daloli ne, sauya ta kuwa dubbai ne. Duk da haka, ga mai jan kaya a doguwar hanya, wannan zamani ne ya fi ƙarfi da tsimin mai, kuma shi ne ya fi sauƙin cin gwaji muddin ba a taɓa komai ba. Mai son Ram ƙirar 2013 zuwa 2019 ya duba lambar jikin motar ko an yi mata gyaran kwamfutar da aka kira masu su domin yi, bayan kamfanin Cummins ya amince da biyan tarar dala biliyan 1.675 a kan injina kusan 630,000 da aka zarge shi da sanya musu dabarar kauce wa gwaji.

Akwai kuma motar da aka yi wa fiɗa, aka cire matata da tankin DEF, aka sa bututu miƙaƙƙe, aka sauya wa kwamfuta tunani. Mai sayarwa yakan yi tallar haka a matsayin alheri. A 2020 EPA ta ƙiyasta cewa an yi wa a-kori-kura fiye da 550,000 wannan aiki cikin shekara goma, kusan kashi 15 cikin ɗari na irinsu, saboda haka haɗuwa da ita a kasuwar na hannu ba abin mamaki ba ne. Dokar tsabtar iska ta tarayya ta haramta yin haka a kowace jiha, har da waɗanda ba sa gwaji. Zafin bibiyar masu yi yana hawa yana sauka da sauyin gwamnati, amma mai gwaji a Kalifoniya ko Kolorado zai kayar da motar ko wane ne yake mulki, dila da yawa ba sa karɓarta a musaya, kuma mayar da kayan da aka cire yakan cinye duk rangwamen da aka samu, har ya nemi ƙari.

Wanda aikinsa bai wuce cikin gari ba, ko yake barin inji yana aiki a tsaye na awowi, ya tsaya ya yi lissafi kafin ya zaɓi dizal kwata-kwata. Gajeriyar tafiya ba ta barin matata ta gama ƙona abin da ta tara, shi ne ma babban dalilin toshewarta. Duka gidajen uku suna da injin fetur a jiki iri ɗaya, Ford mai lita 7.3, GM mai 6.6, Ram mai 6.4, kuma a sabuwar mota zaɓar dizal yana ƙara wajen dala 10,000.

Ga mai niyyar loda motar a jirgi zuwa Legas ko Kwatano, matsalar ta juya. Gwaji irin na Kalifoniya ba shi ne zai tare shi ba, mai ne. An ƙera waɗannan injina ne don dizal mai kashi 15 na farar wuta cikin miliyan. Nijeriya ta daɗe tana yarda da mai kashi 3,000, kuma ma'aunin da ƙasashen ECOWAS suka amince da shi a 2020 kashi 50 ne, ban da gurɓatawar da mai yake sha tsakanin defo da gidan mai. Farar wuta tana kashe matata, ruwa da datti kuma suna kashe famfon mai na Bosch CP4 da ke kan Ford daga 2011, da Duramax na 2011 zuwa 2016, da Ram na 2019 da 2020, wanda idan ya farfashe yakan watsa ɓarɓashin ƙarfe cikin duk hanyar mai. Zafin Kano ko Maradi ma yana rage wa ruwan DEF kwana. A wannan hanya, tsohuwar ƙirar kafin 2007 ta fi haƙuri, idan dokar shekarun motar da kwastan suke bari a shigo da ita ta ba da dama.

Ko wace aka zaɓa, ranar duba mota a tafi da na'urar karanta kwamfuta. Rashin fitilar gargaɗi a dashbod ba hujja ba ce, domin ana iya goge ta a minti ɗaya. A duba ko gwaje-gwajen da kwamfutar take yi wa kanta sun nuna sun kammala. Idan da yawa ba su kammala ba, to kwanan nan aka goge laifi ko aka cire batir, kuma tashar gwaji za ta mayar da motar. Sannan a durƙusa a leƙa ƙasa a ga ko matatar tana nan, a kuma shafa cikin bakin salansa da yatsa bayan ya huce. A motar da ke da DPF mai lafiya yatsan zai fito kusan fes, idan kuwa ya fito baƙi ƙirin, ko dai matatar ta tsage ko kuma gwangwani ne kawai aka bari bayan an kwashe cikinsa.