Gidan marayu ko riƙo a cikin iyali?

Gidan marayu yana da tsari, akwai abinci akwai makaranta, kuɗinka ma kana ganin inda ya tafi. Matsalar dai ma'aikata ne, yau wannan ce gobe ta bar aiki, yaro ya farka cikin dare da zazzaɓi bai san sunan wa zai kira ba, kuma ranar da ya girma aka sallame shi ba shi da kowa.

Riƙo kuwa, iyali ne za su ɗauke shi kai kuma ka dinga tura kuɗin wata-wata. Yana da uwa guda da ta san kukansa, yana da 'yan uwan da za su yi faɗa su shirya. Ni nan na fi karkata gaskiya. Amma fa sai da bibiya, don wani gidan kuɗin suke so, yaron ya koma ɗan aike da wanke-wanke.