Abin da na gani bayan na gwada tsarin MCP a shagon hatsin kawuna

Kawuna yana da shagon hatsi a Babbar Kasuwar Katsina, kuma da yake yawancin abokan cinikinsa ta WhatsApp suke tambayar farashi, sai na ɗauki alkawarin haɗa masa wakili mai ƙirƙirarriyar basira wanda zai riƙa amsa musu daga cikin lissafin shagon. Na yi amfani da tsarin MCP (Model Context Protocol), wanda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamba na 2024 domin haɗa irin waɗannan wakilai da kayan aikin da ke wajensu, wanda kuma kamfanin OpenAI ya rungume shi a watan Maris na 2025. Wata uku ke nan ina aiki da shi.

Haɗawar ba ta ba ni wahala ba. Da Python, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta, na rubuta kayan aiki uku, wato ƙananan manhajojin da wakilin zai riƙa kira, ɗaya na duba farashi, ɗaya na duba abin da ya rage a rumbu, ɗaya na rubuta bashi, kuma kafin la'asar duk suna aiki.

Inda na sha kaye shi ne wajen bayani. A wannan tsari kowane kayan aiki yana da suna, da 'yan jimlolin da ke faɗin amfaninsa, da jerin guraben da za a cike, kuma waɗannan kaɗai wakilin yake gani lokacin da zai zaɓi wanda zai kira. Ba ya leƙa abin da na rubuta a ciki. Ni kuwa saboda gaggawa na rubuta wa na farko "yana duba hatsi", na biyu kuma "yana duba kayan shago", sannan na sa wani gurbi mai suna "adadi" ban faɗi adadin mene ne ba. A mako na farko wata mata daga Ƙofar Marusa ta tambayi kuɗin tiya goma ta gero, wakilin ya lissafa mata kuɗin buhu goma. Ta kira Kawu tana salati, tana tambaya ko yunwa ce ta shigo gari. Laifin nawa ne, domin wanda bai taɓa tsayawa gaban awo ba ba shi da hanyar sanin cewa a kasuwarmu tiya daban, buhu daban.

Kawu bai san komai game da kwamfuta ba, amma shi ya nuna mini gyaran. Ya ce in karanta wa sabon yaron shagonsa abin da na rubuta, sannan ya tambaye shi wanne zai ɗauka idan an nemi farashin dawa. Yaron ya yi shiru yana sosa ƙeya. Kawu ya dube ni ya ce, "To ka gani, ɗana? Wanda ka aika ba ka faɗa masa gidan ba, kada ka ga laifinsa idan ya yi sallama a maƙwabta."

Daga nan na sake rubuta komai. Na bayyana cewa na farko yana ba da farashin yau ne kawai kuma ba ya nuna ko kayan na nan, na kuma faɗi wanda ya kamata a kira idan tambayar ta shafi abin da ya rage. Gurbin ma'auni na taƙaita shi ga kalmomi biyu, tiya ko buhu, tunda tsarin JSON Schema, wanda MCP ke amfani da shi wajen fayyace gurabe, yana ba da damar kulle gurbi a kan zaɓaɓɓun kalmomi, haka ma dawa na raba ta kaura da farfara saboda kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Saƙon kuskure ma na gyara shi, maimakon lamba kawai yanzu yana cewa ba a faɗi ma'auni ba, a tambayi mai saye, kuma wakilin yana komawa ya tambaya.

Akwai abubuwa biyu da mai niyyar gwadawa ya kamata ya sani. Manhajar gwaji ta MCP Inspector tana nuna maka cewa kayan aikinka na amsawa daidai, amma sanin ko wakilin zai zaɓe shi a inda ya dace sai ka tara tambayoyin mutane na gaske ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda na yi da tsofaffin saƙonnin wayar Kawu. Na biyu, alamomin da aka ƙara a 2025 masu nuna cewa kayan aiki karatu kawai yake yi ko yana iya goge bayanai shawara ce ga manhajar, ba kwaɗon kullewa ba ne, don haka kayan aikin rubuta bashi na tsara shi yadda ba zai shigar da ko kobo ba sai Kawu ya amince ta wayarsa. Bayanin kayan aikin kuma da dala ake biyan tsawonsa, tunda yana tafiya tare da kowace tambaya, shi ya sa na rage kayan aikin da na so ƙarawa na bar su ukun nan har zuwa kaka, lokacin da sabon wake da masara za su shigo lissafin.