Sati 12 a ajin ƙarfafa jikin yara: abin da na gani daga bencin iyaye

Autana mai shekara 8 ne ya sa na fara neman wurin. Lafiyarsa ƙalau, amma idan ya zauna a ƙasa sai ya dafa wani abu kafin ya miƙe, idan ya ɗan yi gudu sai tuntuɓe, jakar makaranta kuma tana rinjayarsa gefe guda. Yayarsa mai shekara 11 ta fi shi kuzari, sai dai ita ma daga makaranta sai kujera da waya a hannu. Wata ƙawata ce ta ba ni labarin wani gidan motsa jiki da ya buɗe aji na yara zalla, sau biyu a sati, minti 45 kowane zama, har tsawon sati 12. Na sa su duka biyun. Yanzu zangon ya ƙare, kuma in ban da zama biyu da uzuri ya hana ni, duk a gabana aka yi.

Kafin in sa hannu a takardar, akwai abin da ya tsaya mini a rai. Tun muna ƙanana muke jin cewa yaron da ya ɗaga nauyi tsumburewa zai yi. Kakarsu ma da ta ji labari abin da ta fara faɗa ke nan: "Ke, kar ki bari a danne wa jikokina tsawo." Ban yi mata musu ba, don ni ma tsoron yana cina. Sai na kai su wurin likitan yara. Ta bayyana mini cewa a ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai wani guringuntsi mai laushi, daga nan tsawo ke fitowa, kuma gaskiya ne yana iya samun rauni idan yaro ya kinkimi abin da ya fi ƙarfinsa ba tare da mai lura ba. Amma atisayen da aka tsara daidai shekarun yaro, ƙwararre na tsaye a kansa, ba ya rage tsawo. Wannan ne matsayin ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, kuma ta sake jaddada shi a rahoton da ta fitar a 2020. Likitar ta auna hawan jininsu, ta saurari zuciya, ta tambaye ni ko akwai mai farfaɗiya ko ciwon zuciya, domin masu irin waɗannan larurori sai da izinin likita suke farawa. Duk mai niyyar sa ɗansa, ina ba shi shawarar ya fara ta nan.

Ranar farko na shiga ina baza ido in ga ƙarafa. Babu ko ɗaya a fili. Abin da aka shimfiɗa shi ne sanduna marasa nauyi, akwatunan katako gajeru, robobi masu talewa, ƙwallaye masu ɗan nauyi, da wani ƙarfen reto a bango. Kocin, wani matashi mai sanyin murya, ya ga ina dube-dube, ya ce, "Maman yara, ƙarfen yana nan a kulle. Sai sun iya ɗaukar jikinsu tukuna." Ya lissafa mini abin da zai koya musu, kuma duk motsi ne da mutum ke yi kullum bai sani ba: tsugunawa da miƙewa, sunkuyawa a ɗauki abu daga ƙasa, turawa, jawowa, tafiya da kaya a hannu, tsalle da dira. Minti goman farko na ɗumama jiki ne, su yi rarrafe, su yi tafiyar kaguwa, su yi ɗingishi da ƙafa ɗaya suna dariya.

A nan ne na ga abin da ya sa na ce kuɗina bai tafi a banza ba. Autana da aka ce ya tsuguna a kan akwati, gwiwoyinsa biyu suka karkato ciki kamar za su haɗu, diddigensa ya ɗaga sama. Shekara 8 ina kallon yaron nan, ban taɓa lura ba. Kocin bai ce masa "ka yi kuskure" ba. Ya durƙusa, ya zura masa roba ta zagaye gwiwoyin, ya ce, "Tura robar nan waje, kar ka bari ta haɗe maka ƙafafu." Yaron ya tura, gwiwoyin suka koma saitin yatsun ƙafa da kansu. Wajen koyon sunkuyo kuwa, sanda ya ɗora musu a gadon baya, ta taɓa ƙeya, ta taɓa tsakanin kafaɗu, ta taɓa ƙugu. In ɗaya daga cikin ukun ya rabu da sandar, to baya ya lanƙwashe, a sake. Tsalle daga kan akwati ma da dokarsa: "Ku dira kamar mage, kar in ji ƙara." Yaro in ya nemi kada a ji dirarsa, dole ya lanƙwasa gwiwa da ƙugu, nauyin ya bi ta tsoka maimakon ya daki gaɓa. Da kalma huɗu ko biyar yake gyara abin da ni da zan yi ta surutu a kai ban cimma komai ba.

Sai a sati na huɗu aka fito da nauyi, wasu dunƙulallun ƙarafa masu mariƙi, kilo 2 zuwa 6. Ƙa'idarsa ita ce yaro ya maimaita motsi sau 8 zuwa 15, zagaye ɗaya ko biyu, kuma ba a ƙara nauyi sai na ƙarshen ya fita da kyau kamar na farkon. Ko an ƙara ma ɗan kaɗan ne. Yayar ta ƙosa, ta ce, "Koci, wannan ai ba nauyi." Ya ce ta yi masa 12 masu kyau. A na tara kafaɗarta ta fara ɗagewa zuwa kunne, ya nuna mata a madubi, ita da kanta ta yi shiru. Bai taɓa haɗa su gasar wa ya fi ɗaga mai nauyi ba, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai, domin yara in aka sa musu gasa sukan manta duk abin da aka koya musu.

A sati na biyar yarinyar ta fara kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwarta ta dama. Da ta gaya masa, nan take ya cire ta daga tsalle, ya bar ta da atisayen hannu da na ciki, ya ce in mayar da ita wurin likita. Likitar ta ce irin ciwon nan ne da ake kira Osgood-Schlatter, wanda yakan kama yara a lokacin da suke saurin tsawo, musamman masu gudu da tsalle. Aka rage mata tsallen na wasu makonni, ya lafa. Da wani ne da ya ce ta daure.

To me ya canza? Ranar farko an auna su, an sake aunawa a ƙarshe. Autan ya yi reto a ƙarfe na daƙiƙa 9 da farko, a ƙarshe ya kai 31. Yana tashi daga ƙasa ba ya dafa komai. Yayar da ba ta iya kifa ciki ta ɗaga jikinta da hannuwa ko sau ɗaya, yanzu tana yin 7 bayanta a miƙe. Amma in ka kalli damtsensu ba za ka ga bambanci ba, kuma iyaye su san da wannan tun da wuri. Kafin balaga jikin yaro bai da isassun sinadaran da ke kumbura tsoka, don haka yawancin ƙarfin da yake samu daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne, suna koyon tada tsokoki da yawa a lokaci guda kuma a tsare. Akwai kuma ribar da ido ba ya gani. Ƙashi yana ƙara ƙwari idan ana ɗora masa nauyi daidai misali, kuma mafi yawan ƙwarin da mutum zai rayu da shi kafin ya kai shekara 20 yake tara shi.

Yanzu sai abin da bai yi mini daɗi ba, kuma ba ƙarami ba ne. Mun fara da yara 9. Zuwa sati na bakwai sun zama 17, koci ɗaya, domin masu wurin sun ci gaba da karɓar sababbi a tsakiyar zango. Aka haɗa ɗan shekara 6 da ɗan shekara 13 a layi ɗaya. Masana harkar suna ba da shawarar kada yara su wuce kamar 10 a hannun mai horarwa ɗaya, kuma na ga dalili da idona. Yana can yana gyara wa wata yarinya tsayuwa, wani sabon yaro ya ɗauki ƙarfe mai kilo 6 yana lilo da shi, ya suɓuce masa ya faɗi dab da yatsun ƙafar na kusa da shi. Allah ya kiyaye. Irin wannan, nauyi ya faɗo a hannu ko a ƙafa, shi ne raunin da ya fi samun ƙananan yara a wurin ɗaga ƙarfe. Daga sati na bakwai zuwa na tara gwiwar autana ta fara komawa ciki, babu wanda ya samu sararin gani sai ni daga benci. Mu huɗu cikin iyaye muka je ofis muka yi magana. Sun saurare mu, amma sai a sati na tara suka kawo koci na biyu suka raba ajin gida biyu. Abin da ya kamata a yi tun kafin a karɓi yaro na 11 ke nan.

Na biyu, a teburin karɓar baƙi an yi ta tallata mana wani garin ƙarin ƙarfi a gwangwani, wai na yara. Kocin da kansa ya ce mini ba sa bukatarsa, likitar ma haka ta ce. Bai dace wurin da ke koyar da abu mai kyau a ciki ya riƙa sayar da wannan a bakin ƙofa ba. Manhajar wayar da suka ba mu don atisayen gida ita ma ba ta amfane mu ba, manya ne ke nuna motsin a bidiyon, da sauri kuma, yaro ba ya iya bi.

Kada kuma wani ya ɗauka zama biyu a sati ya wadatar. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2020, ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 suna bukatar kimanin minti 60 na motsa jiki kowace rana, da atisayen ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana uku a sati. Ajin ya ba mu kwana biyu, na ukun a tsakar ɗaki muke yi da sanda da kujera, sauran kwanakin kuma gudu da wasa ne a waje. Wani binciken hukumar da aka wallafa a 2019 ya nuna kashi 81 cikin 100 na matasa 'yan shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa motsa jiki yadda ya kamata, a 'yan mata kuma adadin ya kai kashi 85. Na tuna da wannan duk lokacin da na ƙirga ajin: cikin yara 17, mata uku ne kacal. Iyaye mata da dama da na yi wa maganar sun ce ai wannan na maza ne. Ni dai cikin yarana biyu, 'yar tawa ce ta fi canzawa, har yadda take tsayuwa da yadda take shiga cikin mutane.

Wa zan ce ya kai ɗansa? Wanda yaronsa ya kai ya saurari umarni ya bi, ya kuma jira layinsa, galibi daga shekara 7 ko 8. Kafin ka biya, nemi a bar ka ka zauna ka kalli zama ɗaya. Ƙirga yaran, ƙirga masu horarwa, ka tambaya ko kocin ya yi karatun horar da yara musamman, domin horar da manya daban ne. Ka lura ko yana durƙusawa ya gyara yaro ɗaya ɗaya, ko daga nesa yake ɗaga murya yana ƙirge.

Ƙarfin da aka samu yana fara zubewa cikin 'yan makonni idan aka daina, shi ya sa na sake yi musu rajistar zango na biyu. Na yi hakan ne bayan sun rubuta mini a takarda cewa ajin ba zai wuce yara 10 ba, kuma kocin nan ne zai ci gaba da riƙe su. Gwiwar hagu ta autan har yanzu tana ɗan karkata idan ya gaji, kocin ya ce da ita za su fara a satin farko.