Beyar ta cinye mini kilishi a Tennessee

Da a gida ne aka ce mutum ya biya kuɗi don ya kwana a kan bishiya, ruƙiyya za a fara nema masa. To ni na biya, da dala kuma. Uwargida ce ta matsa, muka kama wani ɗakin katako da aka ɗaura a jikin manyan itatuwa a bayan garin Gatlinburg na jihar Tennessee a Amurka, bakin gandun dajin Great Smoky Mountains.

Ɗakin dai ba laifi. Ruwan zafi, wuta ba ƙiftawa, intanet har saman reshe. Amma ba wanda ya tarbe mu. Lambobi aka turo a waya, na danna, ƙofa ta buɗe. Babu maigadi, babu sannu da zuwa, balle ruwan baƙo. Kuma bayan an caje ka kuɗin shara, sai ga takarda manne a jikin firij: ka wanke kwanuka, ka yaye zanin gado, ka kwashe bola kafin ka tafi. To kuɗin sharar na mene ne?

A ƙasan takardar an rubuta a kulle mota, kada a bar abinci a ciki. Na ce wa zai yi sata a wannan dajin?

Da asuba na sauko, na tarar da ƙofar mota a wangale, kujera a yage, sawun laka ko'ina. Kilishin da Hajiya ta aiko mini, wanda nake ci kaɗan-kaɗan kamar magani, ko takardarsa ba ta tsira ba. Ashe baƙaƙen beyar na yankin sun iya jan hannun ƙofar mota kamar mutane.

Wata dattijuwa da ke ɗakin kusa ta zo ta duba. Na zaci jaje za ta yi mini. Ina! Faɗa ta rufe ni da shi, wai na cuci dabbar, don duk beyar da ta saba da abincin mutane takan daina tsoronsu, ƙarshenta ma'aikata su kashe ta. Ina tsaye da buta a hannu, gemu da furfura, ana yi mini faɗa saboda naman daji.

Haushi ya cika ni, amma da muka shiga gandun na ga da gaske suke. Shiga kyauta ne, dala 5 kawai ta ajiye mota a yini, mutum sama da miliyan 12 suka ziyarce shi a shekarar 2024, kuma doka ta hana ka matsi beyar ƙasa da yadi 50. Sai na tuna gwaggon biran Yankari masu fizge leda a hanyar Wikki, da yadda muke jefa musu biskit muna dariya, mu watsar da ledar a wurin. Bishiyar da na kwana a kanta kuwa, da a wajenmu take da tuni ta zama buhunan gawayi.

Gyaran kujera ya fi kuɗin ɗakin. Hajiya har yau ba ta san inda kilishinta ya tafi ba, don Allah kada wanda ya gaya mata.